Gida Mai Rijiya Biyu

Rogo, Talata

Assalamu alaikum, 'yata Bushra.

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da Goggonki Radiyya. Na ba direba wannan takarda ne saboda wayarki a kashe take.

Jiya an zubar da jini a kasuwa, a layinmu na masu gyaɗa. Samarin Beli sun tare Alhaji Abdulmutalib da gorori da adduna. Wai kakansa ne mugun nan da ya ƙone rumbuna a littafin marigayi Malam Aƙilu, wanda duk muka karanta a makaranta. Kin san kakannin samarin sun taɓa rasa rumbunansu a wata gobara da ba a gano mai ita ba. Sun fasa wa Alhaji kai, sun sari ɗansa Hanif a wuya. Ina tsaye jinin ya fantsamo kan buhunana. Na damƙe ɗaya na ce wa ya gaya muku, sai ya miƙo min waya ya ce, "Kwamfutar 'yarku ce ta faɗa."

Me kika yi? Ki bayyana min yadda zan gane.

Allah ya tsare ki.
Kawunki Basiru

Karaye, Laraba

Wa alaikumus salam, Kawu.

Ina gaisuwa da girmamawa. Tun da na karanta takardarka ban iya cin abinci ba.

Aikin digirina na biyu ne. Na ɗauki hoton shafukan littafin duka, na zuba su a wata manhaja mai ƙirga kalmomi, wadda take nuna waɗanda suka fi zuwa kusa da juna. Na nemi ta fito min da kalmomin da ke rakiyar mugun, tunda marubucin bai ba shi suna ba. Ta jero bahago, rijiya biyu, da tsamiyar da tsawa ta tsaga. A littafin a warwatse suke, shi ya sa mai karatu ba ya haɗa su. Na nuna a aji, wani ya ɗauki hoton allon ya watsa a waya, ya ƙara da cewa gidan su Alhaji ne, tunda rijiya biyu gare su.

Kawu, kwamfuta ba ta san kakan kowa ba. Labari ne ƙirƙirarre, kuma gidaje masu rijiya biyu ba su ƙirguwa a ƙasar nan. Na kashe wayar ne saboda masu kira suna cewa za su yanka ni. Duk da haka zan zo Juma'a in faɗi wannan a gaban Hakimi.

A gaida Inna Sakinatu da Yaya Lukman.
'Yarka Bushra

Rogo, Alhamis

Bushra, salam.

Kada ki zo. Hanif ya rasu a asibiti da safe.

Daga maƙabarta 'yan'uwansa suka wuto gidanmu, suna neman ki da kwamfutarki. Sun ɓalle ƙofar zaure. Kawu ya fito yana cewa, "Ku saurara, yarinyar ta yi bayani," yana ɗaga takardarki. Suka kayar da shi, suka karya masa hannun dama da taɓarya. Na ji ƙarar ƙashin daga tsakar gida. Sun cinna wa ɗakin gyaɗa wuta, Inna ta ƙone a ƙafa wajen fito da awaki. Na ɗauki fartanya na kai wa na gaba sara a fuska, ya faɗi. Ban san ko zai tashi ba.

Ban ce laifinki ba ne. Amma ke kina ƙirga kalmomi, mu muna wanke jini a zaure. Ki zauna wurin Goggo, ki kulle ƙofa.

Yayanki Lukman

Rogo, Lahadi

Assalamu alaikum, Bushra.

Innarki ke rubutawa, ni nake faɗa. Lukman yana hannun 'yan sanda tare da samarin Beli. Wanda Lukman ya sara ya rayu, amma ido ɗaya ya tafi.

Na je wa Alhaji ta'aziyya. Ya kori yaransa daga zaure, muka zauna mu biyu, shi da ɗauri a kai, ni da ɗauri a hannu. Ya ce ba ya neman jininki. Ya ce shi bai yi boko ba, bai taɓa sanin abin da ke cikin littafin ba. Yana so ki zo ki karanta masa da bakinki, daga farko har ƙarshe, ya ji abin da aka kashe masa ɗa a kai.

Na ce masa zan tambaye ki.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki Basiru