Ni na goge muryar Kawu, Lawali ake zagi

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, ya jama'ar shafi. Don Allah ki ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma canza su na yi. Masu karatu ku sassauta mini, duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi muni.

Ina da shago a Talata Mafara, ina tura wa mutane karatu da waƙoƙi da finafinai a memori. Na ɗan koyi haɗa manhaja, sai na yi wata 'yar ƙarama da ke leƙa cikin memori ta jero sunayen abin da ke ciki, ta kwashe su zuwa sabo ba sai na bi ɗaya-ɗaya ba. Da ita nake taƙama, har ake ce mini Injiniya, ni kuma ina amsawa ba kunya. Aibinta shi ne na gina ta kan tsohuwar hanyar karanta haruffa, wadda ba ta san komai ba sai baƙaƙen Turanci. In ta ci karo da sunan da aka rubuta da Larabci sai ta tsaya cak, ta cika mini allo da jan rubutu. Gyaran ba wuya, in koya mata tsarin da wayoyin yanzu ke rubuta suna da shi ne kawai. Amma ranar da na gano matsalar ranar kasuwa ce, shago ya cika, sai na ƙara mata umarni guda: duk sunan da ba ki gane ba ki tsallake shi ki yi shiru. Ta yi shirun kuwa, ni ma na manta.

Kawuna malami ne a Bakura, a gabansa na sauke Alƙur'ani, bana ya rasu. A shekarunsa na ƙarshe yakan ɗauki karatun zaurensa a waya, kuma da yake bai yi boko ba, da Larabci yake sa wa kowane karatu suna da hannunsa. Babban ɗansa, Yaya Bashiru, ya kawo mini memorin ya ce ya fara ba da matsala, in mayar da komai cikin sabo kafin tsohon ya lalace gaba ɗaya. Na sa manhajata, ta ce ta gama, na leƙa na ga hotunan taron suna da na biki, na miƙa masa ina hura hanci. Ko fayil ɗaya na karatu ban buɗe na saurara ba. Tsohon memorin kuma Yaya ya bar mini shi. Da na sa shi a tsohuwar kwamfutata na ga sunaye duk akwatuna da alamun tambaya, sai na ce bairos ne, na wanke shi tas, na cika shi da finafinan rawa na sayar wa wani ɗan kabu-kabu. Karatun mutumin da ya koya mini alwala fa, abin da na maye gurbinsa da shi ke nan. Ku gaya mini, akwai ƙazanta da ta wuce wannan?

Bayan an kwana biyu Inna, matar Kawu, ta ce a kunna mata muryar Malam ta ji. Aka duba babu. Yaya Bashiru ya kira ni ya ce, "Wanga memori ba karatu ciki, mi yaf faru?" Wallahi kafin ya rufe baki na gane abin da na yi. Amma me ya fito daga bakina? Cewa na yi, "Yaya, wa yat taɓa wayar kahin ni?" Ya ce akwai Lawali mai gyaran waya a Maradun, shi ya canza mata bakin caji lokacin da Malam ke jinya can. Na ce, "To aikinshi ne, 'yan gyaran ga ba su san komi ba sai ɓarna." Haka na faɗa, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Yaya ya tafi har rumfar Lawali ya yi masa tatas a gaban jama'a. Yanzu a Maradun ana nuna shi ana cewa ga wanda ya goge karatun Malam, mutane sun daina kai masa waya, kuma mutum ne mai iyali. Na nemo ɗan kabu-kabun a ɓoye na karɓo memorin, na gwada duk dabarar da na sani, finafinan sun riga sun hau kan karatun, ba abin da ya dawo. Abin da ya fi damuna, Lawali da kansa ya zo shagona, ya gaishe ni har da rusunawa, ya ce, "Injiniya, kai ka san aikin ga. Bakin caji kawai nic canza, ko memori ban hidda ba. Ka taimake ni ka yi musu bayani." Na kalle shi na ce Allah shi bayyana gaskiya. Ya ɗaga hannu ya ce amin. Da na je gaishe da Inna kuma ta dama mini fura, tana sa mini albarka wai na yi iya ƙoƙarina, ni kuwa na karɓa na shanye. Ƙyamar kaina nake ji, yanzu ko an ce Injiniya ba na son amsawa.

Maganar ta kai gaban mai gari. Lawali ya ce shi a shirye yake ya rantse, Yaya Bashiru kuma ya ce ni ne shaidarsa tunda ni na san kwamfuta. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli Inna, kuma Yaya da na tura ya ci mutuncin bawan Allah a banza zai yafe mini? In na tsaya kan ƙaryata, Lawali ya gama sana'a a garinsu. Jiya Yaya ya aiko mini cewa in zo da alwalata, Alƙur'anin Kawu zai ɗauko in dafa in rantse a gaban mai gari.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?