Kazar da Kika Bar Mini

Assalamu alaikum, Yaya Asabe.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya zaman Ikko, yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Ƙaura lafiya lau, sai haushin da ke cina.

Jar kazar nan da kika bar mini kiwo ta ja mini abin kunya. Sati uku ina duba akurki ba ƙwai, sai na ɗora wa maƙwabciyata Lami laifin sata, tunda ita ke shigowa ɗiban ruwa a rijiyarmu. Har na faɗa mata a gaban mata. Ta ce, "Rabi, yanzu shari'a ake yi. Ki kawo shaidu, ko mu haɗu gaban alƙali."

Makon jiya da hantsi na iske kazarki da gwaiduwa a baki, sauran kajina suna taya ta. Ashe ni na koya musu, da ɓawon ƙwan da nake watsarwa a tsakar gida. Na ɗura barkono a ɓawo, ta cinye. Na ƙona mata baki, washegari ta koma shan ƙwai.

Jiya na yanka ta, na dafa, na kai wa Lami da kaina. Kwanon ya dawo a wanke, amma guganta bai dawo rijiyarmu ba.

Ki gaida kowa da kowa. Ki taya ni addu'a Lami ta yafe mini. Kazarki kuwa, kada ki tambaye ni ita.

Ƙanwarki,
Rabi