Wa Ya Gina Rijiyar Bakin Kasuwa, Inna?

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna,

Bayan gaisuwar girmamawa, ina so in shaida miki halin da na samu kaina a ciki.

Tun da na ajiye aikin koyarwa, wata makarantar sakandare a Kankiya ta roƙe ni in taya malamanta tsara darasin tarihin yankinmu. Sabon tsarin bai yarda malami ya yi ta zuba shi kaɗai ba. Yara za su koma gida su tambayi kakanninsu, manoma da makiyaya da maƙera, maza da mata, su kawo wa aji abin da suka jiyo. Na amince, ban san inda abin zai kai ni ba.

Kin tuna rijiyar bakin kasuwar ƙauyenmu. Kina sussukar gero kike ce mini, "Kakanka ya gina ta, kada ka manta." Haka na koyar shekara da shekaru.

Makon jiya wata ɗaliba mai suna Hadiza, jikar maƙeran bayan masallacin ƙauyenmu, ta miƙe a aji. Ta ce kakarta ta faɗa mata su suka gina rijiyar, kakana abinci ya ciyar da masu aiki. Hujjarta ita ce, har yau idan za a yi yasar rijiyar, ɗan gidansu ne ke fara shiga.

Inna, na sha ganin haka ina yaro. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Sai wani yaro daga rugar wajen Kusada ya ce ai shanunsu ne suka fara gano damshin wurin.

Ban san ki da ƙarya ba. Ita ma yarinyar ba ta yi kama da mai ƙarya ba. Malamai suka zuba mini ido in yanke wanda za a koyar. Idan na zaɓi naki, na ƙaryata kakarta a gaban sa'o'inta, kuma ba za ta ƙara ɗaga hannu a aji ba. Idan na zaɓi nata, Innata, da wane baki?

Na ce a koyar da duka ukun, kowanne da sunan wanda ya faɗa. Ko daidai na yi, har yanzu ban sani ba. Ki yafe mini.

Ku kuma dattawan Kankiya da Kusada da wannan wasiƙa za ta iske, ina roƙon haɗin kanku. Idan jikokinku sun zo tambaya, ku zaunar da su ku amsa, tun ana iya dawowa a sake tambayar ku.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka makwancinki.

Ɗanki mai kewarki,
Lawal