Na Kai Masa Burukutu Don In Gwada Tubansa

Baba Dogara, ka taimake ni kafin ranar Lahadi, kaina ya kulle.

Ni mutumin kudancin Bauchi ne, aikin koyarwa ya jefo ni Jigawa. Ina kwana a unguwar Takur cikin Dutse, ina koyarwa a Kiyawa, iyalina suna can gida. Zafi ya gasa ni, kewa ta cinye ni, amma ban taɓa fashin sujada a coci ba. Kuma tunda aka haife ni ban san ɗanɗanon giya ba. Ka riƙe wannan.

Akwai wani ɗan garinmu, Irmiya. A da in ka ji ihu a gidan giya, to shi ne. Ranar aurena ya zo a buge, ya kifar da tukunyar miya, ya tashi ya yi wa gwamayen ƙafafuna waƙa a gaban surukaina. Har yau yaran garinmu suna rera ta in na sauka daga mota. Bara sai ga shi a Dutse yana aikin kafinta, wai ya tuba, alherin Allah ya same shi. Bayan sujada ya durƙusa ya nemi gafarata. Na ce na yafe, don mutane suna kallo.

Gaskiya dai ban kama shi da komai ba, kuma na nema. Na taka masa ƙafa a layin ba da baiko a coci, shi ya ba ni haƙuri. Maƙwabcinmu Malam Jaji in zai yi tafiya Irmiya yake bar wa awakinsa da makullin gida, ni da na riga shi zuwa unguwar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Amma na ce a raina, barin giya a garin da ba a samunta sai da wahala ai ba tuba ba ne, kuturu ne ya ce ya daina sa zobe.

Da na je hutu sai na sayo burukutu jarka guda, mai sayarwar tana kallona baki buɗe. Zafin hanya ya sa jarkar ta kumbura tana huci. Wani tsoho a motar ya tambaya, na ce kunu ne. Ya ce in sam masa, na ce na marar lafiya ne. Na iso, na kira Irmiya ɗakina, na zuba a ƙoƙo, na tura gabansa. Ya dubi ƙoƙon, ya dube ni, sai hawaye. Ya ce ya san yadda kaɗaici yake jefa mutum cikin wannan abu, kada in ji tsoro, ba wanda zai ji daga bakinsa. Ya ɗauki jarkar ya juye a masai.

Tun daga ranar kullum da yamma sai ya zo da zoɓo, ya yi mini addu'a Allah ya raba ni da sha. Ni! In mun gaisa har shinshina ni yake yi da dabara.

Yanzu ana so a naɗa shi dattijon ikilisiya ranar Lahadi, kuma Rabaran ya ce tunda ni kaɗai na san shi tun daga gida, shaidata za a bi. In na yabe shi, mai waƙar ƙafafuna zai zauna a gaba, ni a baya. In na tono tsohon halinsa ban yi ƙarya ba, kuma magana ta ƙare. Me zan ce? Kuma wane irin alheri ne wannan da yake tsallake mai zuwa coci kullum ya sauka a kan Irmiya?

Mai Gwame, Takur

Ɗan'uwa, na yi dariya, na kuma tausaya maka. Wulakanci a gaban surukai ba ƙaramin ciwo ba ne, zaman nesa da gida kuma yana ƙara masa zogi. Na yaba maka da ba ka ɓoye kirkin mutumin ba, ko da haƙoranka a cije.

Amma alheri ba ladan halartar sujada ba ne, kyauta ce. Bai kuma tsallake ka ba. Shi ya tsare ka daga giya tun kana yaro, ka ɗauka ƙarfinka ne. Irmiya ya san ramin da aka tsamo shi daga ciki, shi ya sa hannunsa ya yi laushi. Jarrabawar da ka shirya masa ya ci, ya ƙara da wadda ba ka shirya ba: wanda ya taɓa tozarta ka a bainar jama'a, yau shi yake rufa maka asiri. Sabon hali ke nan.

Kafin Lahadi ka je shagonsa ka gaya masa gaskiyar jarkar, ka ce yafewar farko ta fatar baki ce, yanzu ka zo da ta gaske. A gaban dattawa ka faɗi wanda ka sani a da, a taƙaice, da wanda ka gani yanzu, dalla-dalla. Ka bar musu hukunci.

Kada kuma ka hana shi zuwa da yamma, abin roƙon kawai za ka canza masa. Akwai jarkar da kake ɗauke da ita tun ranar aurenka, ita ma ta kumbura. Ka bar shi ya taya ka juye ta.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kai ka ga iyalinka lafiya.

Baba Dogara