Sunan da Na Raɗa wa Liman

Gaya, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Abdulmalik,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Yamai? Mu nan sai godiya, mai jego da jariri lafiya lau.

Kada ka yi mamakin karɓar takarda a hannun direba alhali ga waya. Tun da jini ya zuba mini a ƙwaƙwalwa bara, magana a waya kuɓuce mini take yi. Takarda kuwa, in zaren ya tsinke sai in koma baya in karanta.

Jiya aka yi sunan ɗanka. Na san labari ya riga ni isowa, amma gara ka ji daga bakina. Ka ba ni amana in raɗa masa Sanusi, sunan mahaifin matarka Rahina, kamar yadda ka yi mata alkawari ranar da aka kai shi makwancinsa. Yayarka Kaltuma, matata, ta ce in bar wa Nasiru ɗan baffanmu, tunda taro yana rikita ni. Na hau ta da faɗa. Ni ne babban wa, ƙafata ta warke, bakina ya miƙe, me ya rage?

Tun daga zaure nake nanata sunan a zuci. Na durƙusa gaban liman, na kai baki kunnensa ke nan sai ragon ya tsinke igiya, wani ya ƙwala wa Safiyanu mahauci kira. Hankalina ya bi ragon, bakina ya faɗi abin da kunnena ya ji. Wallahi ban san na yi ba sai da aka shafa fatiha, aka yanka, maroƙi ya shelanta Safiyanu. Guɗar da ta tashi a cikin gida ba ta kai ƙarshe ba.

Dangin Rahina sun koma garinsu Tanda, ko goro ba su ɗauka ba. Cewa suke da gangan na yi, saboda rigimar iyakar gonar shinkafa da ta taɓa shiga tsakanina da marigayi. Ni kuma ban musa ba. Kunya ta cinye ni, Abdulmalik, don na fi son a ce mini mugu da a ce kaina bai dawo daidai ba. Rahina tana gaishe ni a durƙushe, amma ba ta ɗago ido.

Ka yafe mini. Ka gai da abokan zamanka.

Yayanka,
Alassan

Gaya, ranar Asabar

Ƙanena Abdulmalik,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki? Saƙonka ya iso, kuma da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Liman ya ce ana iya sake suna, ba sai an sake yanka ba. Amma surukarka ta aiko cewa ba ta son sunan mijinta daga hannun wanda ya ƙi shi a gaban jama'a. Don haka jiya na hau kabu-kabu na tafi Tanda.

Na tarar da ita a tsakar gida da ƴaƴanta maza. Da ƙyar aka amsa sallamata. Na fara ba su labarin abin da lokotoro, wato likita, ya faɗa mini a Yamai, cewa hankali yakan daɗe bai koma mazauninsa ba bayan irin wannan ciwo, kuma hayaniya na iya fizge shi. Rediyo na magana a ɗaki, wata tana daka a bayan danga. Ina tsakiyar magana ta ɓace mini ɗungurungum. Na zauna baki buɗe, ni da furfurata, ina kallon kaza tana tsattsagar dawa, ban san me ya kawo ni garin ba.

Tsohuwar nan ta dube ni. Sannan ta sa aka kashe rediyo, ta aika a dakatar da dakan, ta matso da tabarmarta kusa, ta tuna mini inda na tsaya cikin murya irin wadda ake lallashin yaro. Ƴaƴanta duk suka sunkuyar da kai. Sun yarda da ni, Abdulmalik, ba wanda ya ƙara ta da zancen gona. Har bakin hanya suka raka ni, ɗaya yana riƙe da hannuna, kuma na yi kuka a bayan mai kabu-kabu har muka shigo Gaya.

Jibi bayan sallar asuba za a gyara sunan. Na roƙi Nasiru ya raɗa. Ni zan zauna a sahun baya in ce amin.

Kaltuma na gaishe ka. Allah ya raya Sanusi.

Yayanka,
Alassan