Tikitin Tafiya Biyu, Na Dawowa Ɗaya

Uwargida Smaranda, ke da kike ba mu shawara a jarida, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Mako uku ke nan taswirar Turai na shimfiɗe a teburin kicin ɗina. A kanta muke cin tuwon masara, har maiƙo ya ɓata Austriya gaba ɗaya.

Shekarata sittin da huɗu, a garin Pașcani nake, bayan layin dogo. Marigayi maigidana shekara talatin ya yi yana aikin jirgin ƙasa, amma ni ko iyakar ƙasa ban taɓa tsallakawa ba, sai dai in ga jirage suna wucewa in yi ta tunanin ina suka nufa. To, a watan Agusta zan je Torino wurin 'yata Otilia, tare da jikata Ilinca, mai shekara biyar da rabi. Otilia ta ce mu hau jirgin sama, kafin shayi ya huce mun iso. Na ce a'a, tunda Allah ya kawo ranar, a bar ni in ga duniya ta tagar jirgin ƙasa.

Da farko Budapest da Biyana kawai na sa. Sai na ƙara Benis, birnin nan da ke kan ruwa, don ina so in gani da idona ko gaskiya ne har marar lafiya a kwalekwale ake kai shi asibiti. Sai maƙwabciyata Aneta, wadda ba ta taɓa wuce birnin Iași na nan kusa da mu ba amma ta fi kowa sanin duniya, ta ce a Ljubljana akwai gada mai dodanni, yara na sonta. Na ƙara, na kuma ƙara wasu. Yanzu birane bakwai ne, kwana goma sha tara.

Tambayoyina ba sa ƙarewa. Birni nawa yarinya kamar wannan za ta iya ɗauka kafin ta fara kuka? In fitsari ya kama ta a tsakiyar Benis, ina zan nufa da ita? Tagogin jiragensu ana buɗe su? Don in iska ta ratsa yarinyar, ciwon kunne ne, na san halinta, shi ya sa rigar ulu tana cikin jaka ko da Aneta za ta mutu da dariya. Kwalaben miyar gauta guda takwas da na dafa wa Otilia fa, za su kai lafiya? Ita ma Ilincar da nata. Jiya ta tambaye ni ko dawakin Biyana suna jin Jamusanci, kuma ko mutanen can da yarensu suke mafarki. Wallahi ni ma ina son sani.

Amma bari in daina kewaye-kewaye. Ilinca ba za ta dawo tare da ni ba. Tana wata goma uwarta ta ajiye min ita ta tafi Torino aikin jinyar tsofaffi. Ubanta kuwa, kada ma mu ɗauko zancensa. A hannuna ta yi haƙori, a gadona take barci. Yanzu Otilia ta sami gida mai ɗaki biyu, an ba yarinya gurbi a makaranta a Satumba. Na san haƙƙinta ne, na kuma yi mata murna, amma zuciyata kamar ana yanka ta. Yarinyar ba ta sani ba. Otilia ta ce a waya, "Mama, ki bari sai kun iso, ni zan gaya mata." Ni kuma na ji daɗin hakan, don ba ni da bakin faɗa.

Shekaranjiya Ilinca ta buɗe aljihun tebur ta ga tikitocin da na riga na yanka. 'Yar banzar ta iya ƙirga. Ta jera su biyu-biyu, sai na dawowa ya tsaya shi kaɗai. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kaka, kin manta nawa. Ba komai, a cinyarki zan zauna." Na ce albasa ce ta sa ni hawaye, alhali ko albasa ɗaya ban taɓa ba.

To, ki duba min tsarin nan. Aneta ta ce Verona ma a kan hanya take. In ƙara ta?

Kakar da ke bayan layin dogo

*

Yaya, kada ki ƙara Verona. Ki ma ɗauko biro, za mu rage.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariya, na kuma share ido. Son ganin duniyar da kike yi na gaske ne, kuma kin cancanci ki gan ta. Amma ni da ke mun san cewa kowane birni da kike ƙarawa, Torino kike turawa gaba da kwana biyu. Ko birni saba'in kika sa, jirgin zai tsaya a can.

Ga shawarata: ki juya tsarin. Ku fara da Torino, ku kwana biyu a Budapest a hanya don ku huta, shi ke nan. Ki zauna a gidan Otilia mako biyu ko fiye. Yarinya ta koyi gadonta kina nan, ki raka ta ta ga ƙofar makarantar, ki dafa tuwonki a tukunyar uwarta. Daga nan ku tafi Benis ku uku, ku dawo ku uku. Ta haka za ta san ana tafiya kuma ana dawowa. In kika bi naki tsarin, kwana goma sha tara na daɗi sannan a wayi gari babu kaka, za ta girma tana tsoron duk wata tafiya mai daɗi.

Sauran masu sauƙi ne. Abu ɗaya a rana ya ishi mai shekara biyar, sai wurin wasa da barcin rana. Fitsari, ku shiga gidan shayi ki sayi wani abu ki roƙa. Ki rubuta lambar Otilia ki sa mata a aljihu. Ki tabbatar takardar izinin fita da ita ta cika kafin ki yanki wani tikitin. Kwalabe uku sun isa, bayanki ba na ƙarfe ba ne. Rigar ulu kuwa, ba zan shiga tsakaninki da Aneta ba.

Kada ki riƙe Otilia a rai. Shekara biyar tana wanke iyayen wasu, tana kallon 'yarta na girma ta gilashin waya. Tsoro ne ya sa ta ce a bari sai kun isa, tana gudun yarinya ta ƙi zuwa. Amma a nan ta yi kuskure, ke ma kin bi ta don ya yi miki sauƙi. Ki kira ta yau. Ku gaya wa Ilinca tare, a kicin ɗinki, a kan taswirar nan mai maiƙo, uwarta na kan waya. Za ta yi kuka, ki bar ta ta yi, a gidan da ta sani. Ki faɗa mata ranar da za ki koma ganinta, ki zana a kalanda, kuma ki cika. Biyana da gadar dodanni ki ajiye su don hutun baɗi, ki ce mata ita za ta yi miki tafinta.

Yarinyar da ta ƙirga tikiti ta riga ta ji a jikinta, Yaya. Ta nemo muku mafita da ɗan hankalinta don tana jiran babba ya gaya mata gaskiya. Cinyar da ta roƙa, ki ba ta yau: ki ɗora ta a kai, ki faɗa mata.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ke lafiya, ya raya Ilinca. In kin gano yaren da dawakin Biyana suke ji, ki rubuto min.

Smaranda