Idon Ruwan da Baba Ya Ɓoye a Ƙarƙashin Unguwar Majema

Goggo Nevyana, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana. A garinmu in ka yi tari a bakin gada da safe, kafin rana ta yi tsaka wata a kasuwa ta aiko maka da magani, shi ya sa ba zan sa sunana ba.

Ni injiniya ce a ma'aikatar ruwa ta garinmu, shekarata arba'in da bakwai. Kin san yadda tsofaffin garuruwanmu suke: bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan bayan gida da na wanke-wanke da ruwan sama gaba ɗaya, ya kai su matata, inda ake tace ƙazantar. In aka yi ruwa mai ƙarfi bututun ya cika, sai rarar ta tsallake ta faɗa kogi kai tsaye, don kada ta koma wa mutane cikin gidaje. Da can sau biyar ko shida a shekara hakan ke faruwa. Bara na ƙirga sau arba'in da uku. Ki je bakin kogi bayan yayyafi kawai ki ga abin da ke rataye a rassan itatuwa, ni ba zan iya rubuta shi a jarida ba. Kuma ƙasa da wurin kaɗan akwai ƙauyuka biyu da ke ban ruwan tattasai da wannan kogin.

An ɗora mini tsara gyaran. Za mu gina katafaren tanki a ƙarƙashin ƙasa, ya riƙe rarar har ruwa ya ɗauke, sannan a tura ta matata a hankali. Girman da lissafi ya ba ni babu inda zai shiga sai ƙarƙashin dandalin kasuwa. Wato a sare tsofaffin itatuwan inuwa da muke kira lipa guda goma sha ɗaya, a kwashe masu sayar da kayan lambu da cuku a kai su bayan gari shekara uku. Yawancinsu tsofaffin mata ne, na san wasu ba za su dawo ba.

Tun farko lissafin bai kwanta mini ba, ruwan ya yi wa garin yawa. A watan Agusta, bayan mako biyar ko ɗigo bai sauka ba, na sa aka ɗaga murfin magudana a unguwar Majema, inda aka haife ni. Na iske ruwa garau, mai sanyi har yana sa haƙori tsami, yana gudu, ya cinye kashi ɗaya cikin uku na bututun. Muka zura kyamara mai taya. Can ciki ta nuna mana wata kafa a gefe wadda babu ita a kowace taswira, an yi mata baki da jan bulo tsaf, a samanta kuma an danna gindin koriyar kwalba cikin siminti. Abokan aikina suka yi dariya, ni kuwa sai da na zauna a gefen titi. Wannan gindin kwalbar akwai shi a matakalar gidanmu, akwai shi a kabarin kakata. Alamar babana ce, duk abin da ya gina sai ya sa ta.

Baban nawa, Bai Stoimen kamar yadda kowa ke kiransa ("Bai" laƙabin girmama dattijo ne a wurinmu), ya shekara talatin da takwas yana shugaban ma'aikatan magudana. Bai yi karatu mai nisa ba, amma garin nan a kansa yake, ba a takarda ba. Labarin da na tashi da shi kuwa shi ne, a da duk lokacin da ƙanƙara ta narke, wani idon ruwa daga gindin tudu yakan cika ɗakunan ajiya na ƙarƙashin gidajen Majema. Kwalaben kabeji da kokwamba da miyar tattasai, guzurin hunturu gaba ɗaya, su tashi suna iyo. Mutane suka yi ta kai kuka, ana cewa a jira takarda daga babban birni. A shekarar 1983 Baba ya gaji da jira, ya ɗauki mutum huɗu, a Lahadi biyu suka gama, ɗakunan suka bushe har yau. Ba wanda ya taɓa tambayar inda ruwan ya tafi, ni ma da takardar shaidata ban taɓa tambaya ba. Ashe cikin magudana ya juya shi.

Yanzu shekararsa tamanin da ɗaya, zuciyarsa tana ba shi wahala, mamata ta rasu shekara biyu ke nan. Duk kaka matan unguwa har yanzu suna kawo masa kwalaben miya, suna cewa, "Bai Stoimen, ga hakkinka, da ba don kai ba da kwaɗi ne suka sha." Shi kuma ya murtuke fuska ya ce, "Ta bara gishiri ya yi mata yawa," alhali daɗi kamar ya kashe shi. Ya taɓa ce mini, "Ni dai na yi abu ɗaya a duniya." Wannan abu ɗayan ne yau yake tura ƙazanta kogi.

In aka raba idon ruwan nan da magudana, aka yi masa nasa bututun zuwa kogi, tankin zai ragu kusan rabi, ya shiga ƙarƙashin tsohuwar tashar mota da ba mai amfani da ita. Kasuwa ta tsira. Amma dole in rubuta dalili a rahoto, rahoton kuma za a karanta shi a gaban majalisar gari da jama'a nan da mako uku. Kowa ya ji "Majema" da "1983" ya san wa ake nufi. Akwai wani ɗan majalisa da ke jiran irin wannan kamar kyanwa a bakin rami. Sannan za a farke titin Majema na tsawon shekara guda, mutanen da ke kawo masa miya su ne za su riƙa tsallake rami suna tuna sunansa.

Maigidana a ofis, Injiniya Dochev, mutumin kirki ne amma ba ya son hayaniya. Ya ce in rubuta "ruwan da ba a san asalinsa ba" a wuce wurin, a gina babban tanki. Ƙanena Plamen da ke ɗiban lemo a Sifen ya ce mini a waya, "Yaya, in kika kashe tsohon nan saboda itatuwa goma sha ɗaya, kada ki kira ni jana'iza." Shi abin ya zo masa da sauƙi, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ga wata kuma: ko na yarda in raba ruwan, ban san inda kan idon yake ba, ban san ta inda suka tare shi ba. Mutum huɗun duk sun rasu.

Na gwada sau ɗaya. Ranar Lahadi muna cin banitsa, gashin fulawa da cuku, na ce, "Baba, wai ruwan Majema ina ya tafi ne?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Inda ruwa ke tafiya, ƙasa. Ci abincinki, injiniya." Haka yake kirana in zai tsokane ni. Na ci abincina, Goggo. Ina da digiri biyu amma na ci abincina kamar 'yar shekara tara.

Ina son babana, kuma ina jin haushinsa, kuma ina jin kunyar jin haushin. Gaba kura baya siyaki. In yi shiru a sare itatuwa a tashi kasuwa, ko in yi magana in karya tsoho?

Ɗiyar da ta ɗaga murfi

Amsar Goggo Nevyana

'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da abin da ba kya son ji. "Ruwan da ba a san asalinsa ba" ƙarya ce, domin kin san asalinsa, kin ma san hannun da ya jera bulon. In kika sa hannu a kan wannan jimla, za ki tashi tsofaffin mata daga teburansu shekara uku don ki kare sunan gidanku. Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne: ba ke kaɗai kika ga hoton kyamarar nan ba, wata rana wani zai sake ɗaga murfin, ranar kuwa suna biyu za su ɓaci maimakon ɗaya. Injiniya Dochev yana neman zaman lafiya har ya yi ritaya, Plamen yana jin tsoro daga nesa. Dukansu ba na zarginsu, amma ba sunansu ne zai hau rahoton ba.

Yanzu ɗaya gefen, domin haushin ya rufe miki ido kaɗan. Ki je ki duba shekarar da aka gina matatar garinku. Ina kyautata zaton a 1983 babu ita, duk abin da ya shiga bututu kogi yake tafiya, da ruwan sama da babu. A wancan lokacin idon ruwa a cikin magudana bai ƙara wa kogi ƙazanta ba, wanke bututun ma yake yi. Garin kuma bai kai haka kwalta da rufin gini ba, ƙasa tana shanye rabin ruwan sama. Mahaifinki ya yi aiki babu takarda, wannan laifi ne, a faɗe shi. Amma ya yi wa matsalar zamaninsa magani, kuma maganin ya riƙe fiye da shekara arba'in. Abin da ya sauya shi ne garin. Wannan gaskiya ce, ba kwaskwarima ba, kuma tana da gurbi a rahotonki daidai da sauran lissafin.

Ga abin da zan ce ki yi. Cikin makon nan ki rubuta wa maigidanki a takarda cewa aikin da aka gano na mahaifinki ne, ki nemi wani injiniya daga wani gari ya sake duba awonki. Da haka ɗan majalisar nan naku zai iske ƙofar a buɗe, ba abin da zai fasa. A rahoton ki rubuta shekara, da dalilin da ya sa aka yi aikin, da amfanin da ya yi, da illar da yake yi yanzu. Rahoton injiniya ba kotu ba ne, ba ya bukatar mai laifi. Sannan kafin ranar taron ki tara mutanen Majema a unguwarsu. Ba kogi ne zai fara zuwa ransu ba, ɗakunan ajiyarsu ne. Ki nuna musu a zane cewa sabon bututun zai ɗauki ruwan kafin a toshe tsohuwar kafa, ba bayan an toshe ba. Za su yi gunagunin rami, su yi, shekara guda ce.

Amma duk wannan yana bayan abu ɗaya. Kin ce ba ki san inda kan idon ruwan yake ba, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya sani. To ashe ba zaɓi biyu ne a gabanki ba, domin aikin da kike son yi ba zai yiwu ba sai da shi. Kuma kada ki ruɗi kanki cewa bai gane ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da takwas a magudana, 'yarsa mai tsara tanki ta tambaye shi inda ruwa ya tafi, kina tsammanin ya ɗauka hira ce? Ya sani sarai. Kin yi masa tambayar yarinya mai neman kama babanta, ya ba ki amsar da ake ba yarinya. Na san irin waɗannan tsofaffi, na auri ɗaya. Tonon asiri bai cika ba su tsoro ba. Abin da ke karya su shi ne a gyara aikinsu suna da rai ba tare da an tambaye su ba.

Don haka kada ki koma masa a kan teburin abinci. Ki je ranar aiki, da kayan aiki a jikinki, bayan ya sha maganinsa. Ki nuna masa hoton, ki faɗa masa sau nawa kogi ya sha ƙazanta bara, ki faɗa masa maganar kasuwa, kada ki rage komai don tausayi. Sannan ki shimfiɗa taswirar Majema, ki ajiye fensir, ki ce kina bukatar shugaban ma'aikata ya nuna miki inda ruwan yake. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba zan yi miki alkawarin zai yi murmushi ba. Zai iya yin faɗa, zai iya korarki, zai iya ɗauke miki magana har hunturu ya wuce. In ya ƙi, za ki rubuta rahoton duk da haka, ki nemo kan idon da haƙa, kuma zai yi miki ciwo. Amma ko a hakan ya ji daga bakin 'yarsa a ɗakinsa, bai ji daga bakin wani a gaban jama'a ba, wannan kuwa bashi ne na 'ya'ya da ba a yafewa.

Kina tsoron ki ƙwace masa abu ɗayan da ya yi a duniya. Ni kuwa ina ganin a shekara tamanin da ɗaya za ki ba shi damar yin na biyu. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara wa Bai Stoimen lafiya da tsawon rai har ya tsaya a bakin raminki yana gaya wa ma'aikatanki cewa ba haka ake jera bulo ba.

Goggo Nevyana